Furoje da Ƙa'idojinsa: Kalmomin Tafiyar da Aiki a Ƙasar Arewa

Ma'anar furoje

Furoje aiki ne mai farko da ƙarshe, wanda ake yi domin a samar da wani abu takamaimai da babu shi a da, cikin lokaci da kuɗin da aka ƙayyade. Gina azuzuwa uku a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gesheme ta Nijar furoje ne, amma koyar da yara a cikinsu shekara da shekaru aikin yau da kullum ne. Haƙa rijiyar burtsatse a Sukukutan furoje ne, sayar da ruwanta da gyaran famfonta kuwa hidima ce da ba ta da ranar ƙarewa. Bambancin yana da muhimmanci, domin kowanne da irin kuɗinsa da mutanensa da hanyar auna shi. Ana tambayar furoje ko ya kammala, ana tambayar hidima ko tana tafiya.

Idan furoje da dama suka haɗu a kan manufa guda, a ƙarƙashin jagoranci guda, ana kiransu shiri. Shirin 3N na ciyar da ƴan Nijar da noman ƴan Nijar, wanda aka amince da shi a 2012, misali ne: a cikinsa akwai noman rani da farfaɗo da ƙasa da rumbunan tsimi da kiwo, kowanne da furojojinsa. Jimlar ayyukan da wata hukuma ke riƙe da su a lokaci guda kuma, ko da ba su da dangantaka da juna, ita ce kundin ayyukanta. Tsarin raya ƙaramar hukuma na shekara biyar, wanda ma'aikata ke kira PDC, irin wannan kundi ne, daga cikinsa ake tsamo ayyukan zuba jari na kowace shekara.

Tafiyar da furoje shi ne haɗa mutane da kaya da kuɗi da lokaci ta yadda abin da aka yi alkawari zai tabbata. A bakin jama'a da yawa, furoje yana nufin farar mota da kuɗin Turawa. Wannan fahimta ta gaza. Furoje alkawari ne rubutacce, kuma kalmomin da za a yi bayani a nan su ne abin da ake riƙe mai alkawari da su.

Asalin wannan ilimi

Shirya aiki tsohon abu ne a ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Tibiri a Nijar. Mai kiran gayya yakan san girman gonarsa, ya ƙiyasta yawan masu hauya, ya tanadi fura da tuwo, ya zaɓi ranar da ba ta ci karo da kasuwa ba. Abin da zamani ya ƙara shi ne rubutu da lissafi da kalmomi na bai-ɗaya. A shekarun 1910 wani injiniya ɗan Amurka, Henry Gantt, ya yaɗa jadawalin da har yau ke ɗauke da sunansa. A 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fitar da dabarar gano sarƙar ayyuka mafi tsawo, a 1958 kuma rundunar sojan ruwan Amurka ta ƙirƙiro dabarar PERT domin aikin makami mai linzami na Polaris. A 1969 aka kafa cibiyar PMI ta masu wannan sana'a. A daidai wannan lokaci aka tsara wa hukumar USAID jadawalin manufa, wanda ya zama harshen kusan duk masu ba da tallafin raya ƙasa.

A Nijar, abin da ya kawo wannan ilimi ƙofar talaka shi ne raba iko. Zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004 ya ɗora wa magadan gari nauyin tsara ayyukan yankunansu. A 2011 aka cire Tibiri daga gundumar Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa. Dogon Dutsi ta rage da shida: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kiriya da Sukukutan. Kowace ɗaya daga cikin goman nan tana iya mallakar aiki, ta ba da kwangila, ta karɓi gini. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, kantomomi ne ke riƙe da wannan nauyi, amma ƙa'idojin aikin ba su sauya ba.

Masu ruwa da tsaki

Masu ruwa da tsaki su ne duk waɗanda aikin zai shafa ko suke iya shafar sa. Huɗu daga cikinsu suna da matsayi a rubuce, kuma rikici da yawa daga cakuɗa matsayinsu yake tasowa.

Na farko shi ne mai aiki, wato wanda ya bayyana buƙata, ya sa hannu a kwangila, kuma abin zai zama mallakarsa idan an gama. A ginin makarantar firamare ko famfon ƙauye, galibi ƙaramar hukuma ce. Na biyu shi ne mai ba da kuɗi: baitulmalin ƙasa, ko Bankin Duniya, ko ƙasa irin Luksambur da ta tallafa wa jihar Dosso shekaru da dama, ko garin ƙawance kamar Orsay na Faransa da ke hulɗa da Dogon Dutsi, da Cesson-Sévigné da ke hulɗa da Ɗan Kasari, ko kuma ƴan asalin gari mazauna Yamai da Legas da Kwatano. Ba da kuɗi ba ya mai da mutum mai aiki. Na uku shi ne mai kula da fasaha, injiniya ko ofishin nazari da ya zana aikin kuma yake duba ingancinsa a madadin mai aiki. Na huɗu shi ne ɗan kwangila, mai aiwatarwa. Ƙa'ida ce mai ƙarfi cewa wanda ya yi gini ba shi ne zai ba wa ginin shaidar inganci ba.

A tsakiyarsu akwai shugaban furoje, mutum guda da ake tambaya kullum a kan inda aka kwana. A samansa akwai kwamitin jagoranci, wanda ke zama lokaci zuwa lokaci ya amince da tsari da kasafi, ya yanke hukunci a kan abin da ya fi ƙarfin shugaban.

Sauran masu ruwa da tsaki ba su da sa hannu a kwangila, amma suna iya tayar da aiki ko su kwantar da shi: sarki da mai gari, limamai, ƙungiyoyin mata, kwamitin iyayen yara, magada masu filin da za a yi gini, da makiyaya da burtalinsu ya ratsa wurin. Batun fili shi ya fi kowanne kawo cikas. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda yanzu ke aiki tun daga ƙauye har gunduma, kuma su ne ke tabbatar da takardar kyauta ko ta sayarwa. Filin da dattijo ya bayar da baki a gaban jama'a, ɗansa yana iya dawowa daga ci-rani ya ce bai san zancen ba. Takardar fili ita ce aikin farko na kowane furoje mai gini.

Matakan rayuwar furoje

Furoje yana bin matakai biyar. Na farko ganowa: a tantance matsalar, a bincika ko aikin zai yiwu ta fuskar fasaha da kuɗi da muhalli, a rubuta takardar kafuwa mai faɗin manufa da mai aiki da shugaba da ƙiyasin kuɗi. A nan ake raba matsala da maganinta. Idan ƴan mata ba sa zuwa makaranta, dalilin yana iya zama rashin aji, yana iya zama kuma nisan rijiyar da suke yini a bakinta. Wanda ya gina aji alhali ruwa ne matsalar, ya kashe kuɗi bai taɓa ciwon ba.

Na biyu tsarawa: a fayyace abin da za a yi, wa zai yi, yaushe, da nawa. Na uku aiwatarwa, inda mafi yawan kuɗi ke fita. Na huɗu bibiya, wadda ba ta jiran a gama, tare take tafiya da aiwatarwa. Na biyar rufewa: karɓar aiki, biyan bashi, miƙa wa masu amfani, da rubuta darussa.

Gyaran kuskure yana ƙara tsada daga mataki zuwa mataki. Sauya mazaunin rijiya a kan takarda fensir kawai yake ci. Sauya shi bayan injin haƙa ya nutsa mita tamanin, kuɗin rijiya biyu ke nan. Wannan ya fi tsanani a Arewa, inda ruwa ke kusa a kwarin Dallol Mawri amma yake da nisa ƙwarai a kan tudu da fako, har ƙauyuka biyu da ke ganin hayaƙin juna su bambanta a kuɗin haƙa nesa ba kusa ba.

Iyaka da lokaci da kuɗi

Iyakar aiki ita ce jerin abin da ke cikin furoje da abin da ba ya ciki. A misalin da za a bi a nan, wato maye gurbin azuzuwan zana da gini a wani ƙauye na Gesheme, iyakar tana iya zama azuzuwa uku na bulon siminti da rufin kwano, da makewayi biyu, da bencina. Katanga da gidan darakta da famfo ba sa ciki, kuma wajibi ne a rubuta hakan baro-baro. Irin wannan aiki ba ƙawa ba ne: gobarar da ta cinye azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilun 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, kowace ta halaka yara ashirin ko fiye.

Abin miƙawa shi ne duk abin da za a iya gani, a auna, a karɓa, kamar zanen gini ko aji da aka rufe ko rahoton ƙarshe. Zango kuwa rana ce mai alamta kammala wani babban sashe, kamar ranar sa hannu a kwangila ko ranar gama rufi.

Iyaka da lokaci da kuɗi kamar duwatsun murhu suke, inganci kuma shi ne tukunyar da ke kansu: aka matsar da ɗaya, sai an gyara zaman sauran biyun, in ba haka ba tukunya ta karkace. Idan jama'a suka nemi aji na huɗu bayan an fara gini, dole a ƙara kuɗi ko lokaci, ko duka biyun. Idan aka ƙi ƙarawa, ɗan kwangila zai ciro bambancin daga buhun siminti, bango ya tsage a damina ta biyu. Ƙananan ƙare-ƙaren da ake yi da baki, yau taga gobe baranda, su ake kira kumburin aiki. Maganinsa tsarin sauyi: duk buƙatar ƙari a rubuta ta, a lissafa abin da za ta ci, mai aiki ya amince ko ya ƙi, sannan a yi wa kwangila ƙarin sharaɗi.

Wani lokaci ɗaya daga cikin ukun ba ya motsi ko kaɗan. Ayyukan raya birnin Dosso da ake kira Dosso Sogha an ɗaure su ne da bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2014, ranar da ba mai ikon ɗagawa. A irin wannan hali, iyaka da kuɗi ne kawai ake iya taɓawa.

Rarraba aiki da jadawali

Babban aiki ba ya ƙiyastuwa sai an rarraba shi gida-gida, har a kai ga ɗan guntun da za a iya danƙa wa mutum ɗaya, a faɗi kwanakinsa da kuɗinsa. Ginin azuzuwa ya kasu zuwa takardu, harsashi, bango, rufi, gamawa da kayan zama. Bango kuma ya kasu zuwa ɗebo yashi, buga bulo, shayar da shi, ɗora shi, da zuba ginshiƙai. Sharaɗin wannan rarrabawa shi ne ta ƙunshi dukkan aikin, ba ragi ba ƙari. Abin da aka manta a nan ba zai sami kuɗi a kasafi ba. Ruwan gini shi aka fi mantawa, kuma a ƙauyen da rijiyarsa ke da zurfi, amalanken shanu da ke jigilar duro yana iya cin kuɗi mai yawa.

Daga nan sai a duba dogaron ayyuka da juna. Ba a ɗora bango sai harsashi ya bushe, ba a rufi sai bango ya kai. Amma kafinta yana iya haɗa bencina tun magina suna haƙa. Jadawalin Gantt yana nuna wannan a fili: sunayen ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, makonni a jere daga hagu zuwa dama, kowane aiki da zanen sanda mai nuna farkonsa da ƙarshensa. Ana iya yin sa a kwamfuta, ana iya yin sa da alli a allon makaranta.

A ɗauka, domin misali kawai, takardar fili za ta ci mako 2, neman ƴan kwangila da sa hannu mako 6, harsashi mako 3, bango mako 5, rufi mako 2, shafe da ƙofofi mako 3, fenti mako 1. Kowanne yana jiran na gabansa, jimlarsu mako 22. Wannan ita ce babbar sarƙa, wato jerin ayyuka mafi tsawo daga farko zuwa ƙarshe, kuma ita ke yanke ranar gamawa. Jinkirin kwana ɗaya a kanta jinkirin kwana ɗaya ne ga furoje baki ɗaya. Bencina kuwa mako 4 suke buƙata, ana iya ba da su tun ƙarshen mako na 8, ba a neman su sai ƙarshen mako na 22. Suna da rarar lokaci ta mako 10. Shugaban da ya san wannan ba zai yini a shagon kafinta ba alhali magina na zaune babu siminti.

Kalandar ƙasa tana saman kowane jadawali. Mako 22 daga farkon Janairu yana kaiwa farkon Yuni, dab da saukar damina. Idan kwamitin tantance ƴan kwangila ya yi jinkirin wata guda, ƙarshen aikin zai faɗa cikin Yuli, lokacin da leburori suka koma gonakin gero, koramu suka yanke hanya, motar kaya ba ta barin kwalta. Jinkirin wata ɗaya a ofis yana iya zama na wata huɗu a fili, yara su koma makaranta a Oktoba su tarar da zana.

Kasafi da lissafin ci gaba

Ƙiyasi shi ne hasashen abin da kowane guntun aiki zai ci. Kasafi shi ne jimlar da aka amince da ita, aka rarraba ta a kan lokaci. Ƙiyasi mai kyau daga adadi yake farawa. A aikin farfaɗo da fako, ma'aunin da ma'aikatan gona da muhalli suka saba da shi shi ne ramin rabin wata 313 a hekta guda. Hekta 50 ke nan za ta ɗauki rami 15,650. Idan aka ɗauka mutum yana haƙa uku a yini, ana buƙatar yinin aiki kusan 5,217, wato mutum 100 su yi kwana 52 ko ɗan fiye. Daga wannan lissafi ake fitar da ladan ma'aikata da yawan diga da shebur, ba daga cinikin baki ba.

A kowane kasafi ana ware kuɗin ko-ta-kwana domin abin da ba a zata ba. Ba rarar da za a raba ba ce, kuma ba a taɓa ta sai da izini a rubuce. Da zarar an amince da iyaka da jadawali da kasafi, sun zama tsarin tushe, wanda da shi ake gwada duk abin da zai biyo baya.

Yawan kuɗin da aka kashe ba ya nuna yawan aikin da aka yi. Adadi uku ake gwadawa: darajar aikin da ya kamata a ce an yi zuwa yau, darajar wanda aka yi da gaske, da kuɗin da ya fita. A ce kasafin azuzuwan sefa miliyan 30 ne. A tsakiyar wa'adi ya kamata a ce an yi aikin miliyan 15. Injiniya ya auna ya tarar da aikin miliyan 12, akawu kuma ya nuna an kashe miliyan 18. Aikin yana baya da darajar miliyan 3, ya kuma zarce kuɗi da miliyan 6. Idan aka ci gaba a haka, ginin zai ƙare a miliyan 45. Shi ya sa ake biyan ɗan kwangila kashi-kashi bisa awon abin da ke tsaye a fili, ba bisa abin da ya faɗa ba.

Haɗari da matsala da zato

Haɗari abu ne da bai faru ba amma yana iya faruwa. Matsala abu ne da ya riga ya faru. Zato kuwa abu ne da aka ɗauka gaskiya ne lokacin tsarawa ba tare da tabbaci ba, kamar cewa farashin siminti zai tsaya inda yake, ko jama'a za su kawo yashi kyauta. Duk zaton da ya rushe, matsala yake zama.

Ana rubuta haɗurra a rajista guda. Kowanne ana auna yiwuwarsa da girman ɓarnarsa, a sa masa mutum mai lura da shi, a tanadi mataki. Matakan huɗu ne. Kaucewa, kamar ɗauke gini daga bakin korama. Ragewa, kamar sayen siminti da ƙarfe a ajiye tun rani. Miƙawa ga wani, kamar inshora ko takardar lamunin banki da ake karɓa daga ɗan kwangila kafin a ba shi kuɗin somin aiki. Sai karɓa, idan haɗarin ƙarami ne, a bar wa kuɗin ko-ta-kwana.

Arewa tana iyaka da Nijeriya, kasuwanninta kuma suna numfashi da na Sakkwato da Kabi, don haka iyaka kanta haɗari ce da ya kamata a rubuta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe iyakarta da Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa farkon 2024, wasu masu ba da kuɗi kuma suka dakatar da tallafinsu a lokacin. Furojen da ya jingina da hanyar sayayya ɗaya, ko mai ba da kuɗi ɗaya, ya fi kowanne shan wahala a irin wannan yanayi. Mai tsari nagari yakan san tun farko ko zai iya juyawa zuwa simintin Malbaza idan na ƙetare ya yanke, da abin da hakan zai ƙara masa na kuɗin mota.

Sakamako da amfani da tasiri

Jadawalin manufa yana jera furoje hawa-hawa. A ƙasa akwai abin da aka zuba: kuɗi, mutane, kaya. Da su ake yin ayyuka. Ayyuka suna haifar da sakamako na kai tsaye, kamar azuzuwa uku da aka gina. Sakamako yana kawo amfani, wato yara suna karatu tun Oktoba ba tare da jiran a girbe kara a yi zana ba. Amfani kuma yana taimakawa ga tasiri na nesa, kamar ƙaruwar masu kammala firamare a ƙaramar hukumar. Ɗan kwangila yana da alhakin sakamako, amma mai aiki amfani ake tambayarsa.

Tazarar da ke tsakanin sakamako da amfani tana iya zama babba. Layin dogo na Yamai zuwa Dosso, mai tsawon kusan kilomita 140, an ƙaddamar da shi a Janairun 2016. An shimfiɗa ƙarfe, an gina tasha, amma ba a haɗa shi da Paraku ta ƙasar Benin ba, kuma bai shiga jigilar yau da kullum ba. Sakamako ya samu, amfani bai biyo baya ba.

Kowane hawa yana da ma'auni, wato adadin da ke nuna an kai ko ba a kai ba. Ma'auni mai kyau yana faɗin me za a ƙirga, nawa ne a yau, nawa ake so ya zama, zuwa yaushe, kuma a ina za a sami shaidarsa. "Inganta samun ruwa" buri ne. A ce kowane mutum 250 su sami mashaya ta zamani guda, kamar yadda ma'aunin ƙasa na ruwan karkara ya tanada, zuwa ƙarshen shekara kaza, wannan ma'auni ne. Ba a iya nuna ci gaba idan ba a ƙirga halin da ake ciki kafin a fara ba.

Bibiya aikin cikin gida ne na kullum: ziyarar fili, littafin wurin gini, taron mako, rahoton wata. Kimantawa ana yin ta ne a tsakiya ko a ƙarshe, galibi ta hannun wanda ba ya cikin aikin, tana tambayar ko furojen ya dace da buƙata, ko ya cim ma manufarsa, ko kuɗin da ya ci ya yi daidai da abin da ya samar, wane tasiri ya bari, kuma ko zai ɗore. Binciken kuɗi daban yake, shi rasit da bin ƙa'ida yake dubawa.

Rufewa da ɗorewa

Idan ɗan kwangila ya ce ya gama, kwamiti yakan je ya duba, ya rubuta duk aibin da ya gani, ya yi karɓar wucin gadi. Daga ranar wa'adin garanti ke farawa, galibi shekara guda, domin gini ya ga damina da zafin bazara. A tsawon aikin ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, wanda a ƙa'idar ƙasashen UEMOA ba ya wuce kashi 5 cikin 100. Sai an yi karɓar dindindin, an tabbatar ya gyara duk abin da ya lalace, ake sakar masa. Kwamitin da ya sa hannu a takardar karɓa bai taka ƙafa ya ga ginin ba, ya zubar da makami na ƙarshe da jama'a ke da shi.

Rufewa ta haɗa da miƙa zane da takardun garanti ga mai aiki, rufe asusu, da rubuta darussan da aka koya domin furoje na gaba. Daga nan aikin ya koma hidimar yau da kullum, a nan kuma ake gane ɗorewarsa. Tambayoyinta tun ranar tsarawa ake amsa su: wa zai riƙe, wa zai gyara, da wane kuɗi, ina ake samun kayan gyara. Dokar ruwa ta 2010 ta tabbatar da cewa masu amfani da ruwa suna ba da gudummawa ga kuɗin hidimarsa, domin famfon da ba a tara masa kuɗin gyara, ranar da ya lalace ita ce ranar mutuwarsa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun bazu kuma sun daɗe saboda asusun nasu ne, dokokin nasu ne, ba sa jiran kowa ya zo ya buɗe akwati.

Waɗannan kalmomi ba na injiniyoyi da ma'aikatan ofis kaɗai ba ne. Mai gari da shugabar ƙungiyar mata da ɗan kwamitin iyayen yara suna da haƙƙin su tambayi duk furojen da ya sauka a garinsu abu shida: wane ne mai aikin, mene ne a ciki kuma mene ne ba ya ciki, nawa ne kasafin, yaushe za a gama, da wane ma'auni za a gane an yi nasara, kuma wa zai riƙe bayan an tafi. Furojen da ke da amsar waɗannan a rubuce, ya cancanci a ba shi fili da yashi da ƙarfin samari. Wanda ba shi da su, a nemi ya kawo su kafin a sa diga a ƙasa.